Amsa ga ɗalibar da ta ɗauki kanta hoto sau hamsin ba ta ga kanta a ciki ba

Ƙanwata na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce kina aji biyu a sashen zane-zane, malaminku ya ba ku aikin zango cewa kowa ya kawo hotuna shida da za su nuna ko shi wane ne, ke kuma waya ce kawai a hannunki babu kamara, kin ɗauki kanki ya fi sau hamsin duk kin goge dan ba ki ga kanki a ciki ba, kuma duk sanda kika shiga gyara sai ki ga yatsanki ya tafi wajen ƙara wa fatarki haske, har kin fara tunanin ko shi gyaran hoton ma gaba ɗaya ƙarya ne. Toh bari in ba ki amsa da ɗan tsawo, dan ni tun zamanin fim da wankin hoto a ɗakin duhu nake wannan sana'ar, kuma yaran da nake koya wa aiki kusan kowanne sai ya zo min da irin wannan damuwar taki.

Na farko dai ki kwantar da hankalinki, rabin matsalar ba daga fuskarki take ba, daga wayar take. Kamarar gaba ta waya gilashinta mai faɗin gani ne, an yi ta ne dan ta kwaso mutane da yawa a waje ɗaya, ke kuma kina riƙe ta a tsawon hannunki, to duk abin da ya fi kusa da ita shi zai kumbura, wato hanci da goshi, kunnuwa kuma su ja baya. Wasu likitoci a Amurka sun lissafa abin a 2018, suka nuna hoton da aka ɗauka a tazarar kamar santimita 30 yana sa hanci ya fito da girma kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da ainihin girmansa, alhali a tazarar mita ɗaya da rabi bambancin kaɗan ne. Ga kuma wani abu, ke fuskarki ta madubi kika saba gani tun kina yarinya, wadda dama ta koma hagu, in hoto ya nuna miki ta yadda mutane ke ganinki sai ki ji kamar ba ke ba ce. Sannan wayoyi da yawa suna zuwa da filtar gyaran fuska a kunne ba tare da kin sani ba, tana goge miki fata tana sirantar da haɓa tun kafin ki ga hoton. Ki shiga saitin kamara ki kashe ta tukunna. Ki koma kamarar baya, ki goge gilashinta da gefen mayafi, ki jingina wayar a kan tarin littattafai ko a bakin taga daidai tsayin idonki, ki sa mata lokaci na daƙiƙa 10, ki matsa baya kamar taku biyu zuwa uku, in wayar tana da 2x, wato maɓallin jawo hoto kusa ninki biyu, ki yi amfani da shi. Wannan kaɗai zai dawo miki da fuskar da 'yan gidanku suka sani.

Amma ko fuskar ta fito daidai, aikin bai fara ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne a zaune gaba da gaba, amma a hoto fuska ita kaɗai ba ta cika ba da labari ba, ki duba fasfo ɗinki na katin makaranta, fuskarki ce sak amma ba abin da ya faɗa game da ke sai cewa kina da ido biyu da hanci. Abin da ke sa hoto ya yi magana shi ne shawarar da aka yanke kafin a danna, me kika sa, ina kika tsaya, me ke hannunki, me ke bayanki, ina kike kallo, wa kika bari ya shigo wa kika fitar.

Kafin ki sake ɗaukar ko hoto ɗaya ina so ki je gida ki roƙi Mama ta ɗauko miki albam ɗinta na da, irin wanda ake ajiyewa a ƙasan akwati. Ki zauna ki kalli hotunan Sallah da na 'yan matanci da aka ɗauka a shagon mai hoto, za ki ga labule a baya an zana bene ko lambu, ga fulawar roba a kan ɗan tebur, wata ta ɗora hannu a kan tarho da ko waya ba a jona masa ba, wani ya turo hannu gaba dan agogo ya fito. Mutanen nan ba wanda ya koya musu darasin hoto amma sun san abin da malaminku yake nema. A Bamako ta ƙasar Mali akwai Seydou Keïta, ya buɗe shagonsa a 1948, yawanci a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya, har zanin gadonsa ya yi amfani da shi, kuma ya tanadi kayan aro, rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, kwat, babur, mutum ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Saurayin da ya dafa rediyon da ba nasa ba, za ki ce ƙarya ya yi? Ni ban ɗauke shi maƙaryaci ba, ya gaya mana abin da ransa ke so ya zama a wannan shekarar, kuma burin mutum ai yana cikin ko shi wane ne. Bayan Keïta sai Malick Sidibé, shi ma mai hoto a Bamako, ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa da bakin kogi bayan samun 'yancin kai, kuma a 2007 aka ba shi babbar kyautar girmamawa ta bikin fasaha na Venice a Italiya. Aikin da mutanen unguwa suka biya kuɗi kaɗan aka yi musu shi ne yau yake rataye a manyan gidajen tarihi.

Wanda ya fi kusa da halin da kike ciki kuwa shi ne Samuel Fosso. An haife shi a Kamaru a 1962, iyayensa Ibo ne, yaƙin Biyafara ya raba shi da gida yana ƙarami har ya ƙare a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wajen kawunsa, ya buɗe shagon hoto a 1975 yana ɗan shekara 13. In ya gama aikin kwastomomi da yamma sai ya ga fim ya yi saura, maimakon ya yi asara sai ya canja kaya ya tsaya gaban kamara ya ɗauki kansa, yana aika wa kakarsa a Najeriya dan ta ga yana nan lafiya. Kin ga abin da ya ba hotunan nan nauyi? Ya san wa yake yi wa magana. Daga baya a 2008 ya yi jerin hotunan da ya shiga kamar Mandela da Malcolm X da Lumumba da Angela Davis da Muhammad Ali, fuskarsa ce a duka amma yana tambayar su wa suka gina shi. To ke ma ki fara da wannan, hoton nan wa kike aika wa? Kakarki, ko ke kanki bayan shekara ashirin, ko ƙawar da ta taɓa yi miki gorin baƙi a firamare? In kika samu amsar za ki ga tsayuwarki ma ta canja.

Sai ki ɗauki biro da takarda, ki rubuta abubuwa kamar ashirin da suke naki na gaske. Ba abin da ya kamata a ce Bahaushiya tana da shi ba, naki. Anan ne ɗalibai da yawa ke zamewa, da an ce hoton asali sai a ruga a aro ƙwarya da faifai da kayan saƙi a ɗora tulu a ka, alhali yarinyar a gidan bene ta tashi ba ta taɓa ɗebo ruwa a rijiya ba. Hoton zai yi kyau amma na ranar al'adu ne, kowa ma zai iya shiga cikinsa. Ni na fi son in ga hijabin Islamiyyarki da ya koɗe a kafaɗa, ko tabon mai da ya fallatsar miki a hannu ranar da kika fara suya, ko allonki in yana nan, ko teburin karatunki na hostel da fitilar caji da kofin garin kwaki a gefe, ko hannunki da lalle ya fara gogewa yana riƙe da burushin fenti. In kuma tulun da ƙwaryar rayuwarki ce da gaske to ki ɗauke su da alfahari, a gidanku, ba a situdiyo ba.

Kuma ba dole ne duka shidan su nuna fuska ba. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya, tun daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata har ya tara kusan hotuna dubu, da yawansu ta ƙeya ya ɗauka ba a ganin fuska sam, amma kina kallo kin san akwai mutum a wurin da gidan da ta fito da hannun da ya yi mata kitson. Wannan zai yi miki amfani sosai in akwai wanda kike so ya shiga aikin amma ba ya son a ɗauki fuskarsa, dan a cikinmu akwai masu kaffa-kaffa da hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai kuma matan auren da ba za su yarda ba, kada ki matsa wa kowa. Hannun Baba a kan carbi, takalman 'yan gida a ƙofar ɗaki, inuwarki a bangon zaure, duk hoton mutum ne.

Yanzu maganar haske, dan a nan baƙar fata ke shan wahala. Kamara ba ta san fuska ba ce ko bango, lissafi take yi ta mayar da duk abin da ta gani matsakaici. In kika sa farin hijabi ko kika tsaya gaban farin bango, sai ta ga fari ya yi yawa ta rage hasken gaba ɗaya, hijabin ya fito daidai fuskarki ta nutse ta zama baƙi ƙirin ba ido ba baki, ke kuma sai ki zaci haka kike, ki ruga wajen filta. Maganinsa ki taɓa fuskarki a kan allon wayar ki danne har ya kulle, sannan ki ɗan ja alamar ranar sama kaɗan. Ki guji rana tsaka, tana zuba inuwa a ramin ido tana sa goshi ƙyalli. Mafi kyawun wurin da na sani a gidan Bahaushe shi ne bakin zaure ko ƙofar ɗaki, ki tsaya daga ciki kamar taku ɗaya, hasken waje ya shigo miki ta gefe, duhun ɗakin ya zama bayanki, wallahi ko situdiyo ba ta fi wannan ba. Ɗaya gefen fuskar in ya yi duhu da yawa a riƙe miki farin kwali ko babban tire na silba ya dawo da hasken. Lokacin hunturu kuma da hazo ya rufe rana, gari gaba ɗaya ya zama fitila mai laushi, sai dai ki shafa mai dan fata ba ta son furu-furu a hoto. Baƙar fata kyanta yana cikin wannan sheƙin da ke bin kumatu da karan hanci, in haske mai faɗi ya zo ta gefe za ki ga launuka a jikinki da ba ki taɓa lura da su ba, ja-ja a nan, kamar zuma a can.

To mu zo kan tambayar da na ga ta fi cin ranki, shin gyaran hoto ƙarya ne? Babu hoton da ba a gyara ba ƙanwata. A ɗakin duhu da hannunmu muke tare haske daga wani sashe mu ƙara wa wani, mu muke zaɓar takarda da daɗewar da za ta yi a ruwan magani. Wayarki ma kafin ta nuna miki hoto ta riga ta haɗa hotuna da dama ta daidaita launi yadda masu ƙera ta suka ga ya dace. Kuma su masu ƙerawar ba mu suke tunani ba tun asali, shekara da shekaru gidajen wankin hoto suna daidaita launin injinsu da wani kati na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, fatarta ita ce ma'auni, sai a shekarun 1990 aka fito da wanda ya haɗa mata masu launi daban-daban. Ko Google sai a 2021 suka fito suna tallar cewa sun gyara kamarar wayarsu ta Pixel dan ta ɗauki baƙar fata daidai. Kenan in kika gyara hoto dan launinki na gaskiya ya dawo, gyaran kuskuren na'ura kika yi. Tambayar ita ce gyaran naki yana fito da abin da ke wurin ne ko yana goge shi.

Zan gaya miki abin da ya faru da ni, har yau ina jin sa. Lokacin da muka fara aiki da kwamfuta, wani bawan Allah ya kawo min ƙaramin hoton mahaifiyarsa da ta rasu, ya ce in girmama masa shi ya sa a firam. Tsohuwa ce Bagobira, tsagarta ta taso daga gefen baki ta bazu a kumatu. Ni a lokacin ina ɗokin sabon kayan aiki, na zauna na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya na share, na goge tamojin goshinta, na ƙara mata haske, a raina na yi masa aikin da zai yi murna. Da ya zo karɓa ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya ajiye a kan kanta ya ce min, malam wannan ai ba Innata ba ce. Bai yi faɗa ba, muryarsa ce kawai ta karye. Daren nan ban yi barcin kirki ba, na sake aikin daga farko, ban taɓa komai a fuskar ba sai tabon ruwan da ya ɓata gefen takardar. Tsagar nan ita ce garinsu da danginsu, ita yake shafawa yana yaro, kuma abu ne da ke ƙarewa, yaran yanzu ba a cika yi musu ba, wata rana a hoto kaɗai za a gan ta.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, ita nake ba ɗalibaina. Abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, ƙurji ne ko kwantsa ko zaren da ya maƙale a mayafi, ki cire ba komai. Abin da ya zauna tare da mutum, tsaga, wushirya, tabo, furfura, faɗin hanci, launin fata, kada ki taɓa sai in kina da dalilin da za ki iya tsayawa gaban aji ki faɗa.

Shi kuma yatsan naki da ke tafiya wajen ƙara haske, ba zan zarge ki ba. Kin tashi kina jin ana cewa wance kyakkyawa ce fara sol, kina ganin man bilicin jere a shaguna, kina ganin hotunan biki da aka wanke amarya har danginta ba sa gane ta, dole abin ya shiga jiki. Amma tunda kin lura da shi har ya dame ki, ni a ganina kin samu jigon aikinki kenan, kada ki ɓoye shi. Ki ɗauki hoto ɗaya mai kyau a bakin ƙofa, ki fitar da shi kala uku, ɗaya yadda filta ke mayar da ke, ɗaya yadda kamara ta nutsar da ke cikin duhu, ɗaya kuma wanda kika zauna kika daidaita kina kallon bayan hannunki a hasken rana har launin allon ya zo ɗaya da na fatarki. Ki jera su. Zanele Muholi ta Afirka ta Kudu a jerin hotunan kanta mai suna Somnyama Ngonyama da gangan take ƙara wa fatarta duhu a wajen gyara har ta yi baƙi sosai idanun su fito fari tas, gyara ne mai yawa ƙwarai, amma ba wanda zai ce ta ɓoye kanta, ƙara bayyana kanta ta yi.

Sai dai ki san bambancin fage. Ke aikin fasaha kike yi, kina da 'yancin haɗa hoto biyu, ki ɗora zanen atamfar kakarki a kan fuskarki, ki sa tsohon hoton Mama tana shekarunki a gefen naki, manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce kuma tana da wurin haɗa hoto kan hoto, Lightroom ta waya ma ta isa wajen daidaita haske da launi, in kin samu kwamfuta akwai GIMP ita ma kyauta. Abin da ake so kawai ki rubuta a ƙasa cewa haɗawa kika yi. Amma ranar da kika shiga aikin jarida wannan ƙofar a rufe take, a 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai hoto da ya ci babbar kyauta, saboda kawai ya goge kamarar abokin aikinsa da ta fito a kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya.

Manhajojin nan masu cewa za su gyara miki tsohon hoto ya fito garau kuma ki yi hattara da su, musamman a kan hotunan albam ɗin Mama. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙirar ido da haƙora da fata suke yi daga fuskokin wasu mutane, sai ki ga kakarki ta fito da idon da ba nata ba. Gara ki ɗauki tsohon hoton yadda yake da karcewarsa da lanƙwasar gefensa, ki shimfiɗa shi kusa da taga ba filasha.

In za ki sa wani a aikin, ko da ƙanwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya, ki gaya mata inda hoton zai je, bangon aji daban Instagram daban, yardar da aka ba ki ta ɗaya ba ta haɗa da ɗayan ba, kuma kin san yadda hoton mace ke yawo a waya ya dawo da sharri. Ki nuna mata bayan kin gyara kafin kowa ya gani. Almajirai da masu talla a titi kuma dan Allah ki ƙyale su a wannan aikin, labarinki aka ce ki kawo.

Ainihin hoton da kika ɗauka kada ki taɓa gyara a kansa, ki yi kwafi tukunna, in wayarki tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da wayar ba ta sarrafa ba, ki kunna dan ya fi ba ki sararin dawo da fuska daga duhu. Wajen turawa mai firinta kada ki tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya lalace, ki tura a matsayin fayil ko ki kai a filash. Ki fara buga ɗaya ƙarami na gwaji ki fita da shi waje ki duba, dan allon waya yana da haske a bayansa takarda kuwa babu, kusan kullum sai ya fito da duhu fiye da yadda kika gani. Kuma ki tsaya a kan mai firintar ki ce masa kada ya taɓa launin, dan da yawansu da sun ga baƙar fuska hannunsu ke tafiya su ƙara mata haske ba tare da an sa su ba, a zatonsu taimako suka yi miki. In gwajin ya fito ki kai wa Mama ki miƙa mata ba tare da kin ce komai ba, ki kalli fuskarta, daga nan sai ki buga sauran biyar ɗin.